Ranar da Na Kai wa Nafisa Fastarta Zariya

Ƙarfi

Na fito daga gidana a ƙauyenmu Ƙarfi kafin kiran assalatu, na yi sallar asuba a masallacin bakin titi don kada motar farko ta wuce ni. Ni manomi ne, Zariya kuwa rabona da ita tun ina saurayi. Abin da ya tashe ni shi ne 'yata Nafisa, da ke shekarar ƙarshe a fannin aikin gona a jami'a. Makarantarsu ta shirya gasa: kowane ɗalibi zai baje bincikensa a babbar fasta irin ta 'yan siyasa, ya tsaya gabanta ya yi wa alƙalai bayani. Nata binciken a kan ƙuduji ne, ciyawar nan da ke cinye mana masara, kuma a gonata ta yi shi damina biyu.

Ta kai aikin bugawar Funtuwa, sai aka yini babu wuta, ita kuma dole ta koma makaranta a ranar. Ta ce in fastar ba ta hau allo kafin hantsi ya dubi ludayi ba, to an cire sunanta. Na ce ta tafi, ni zan kawo.

Funtuwa

Mun wuce Bakori gari na wayewa, a wata ƙaramar mota da aka danƙara wa buhunan barkono har muna ta atishawa. Mai shagon bugawar, Emeka, haifaffen Funtuwa ne, Hausarsa ta fi tawa gudu. Na tarar ya riga ya buɗe, ashe janareton maƙwabcinsa ya aro ya gama aikin. Ya naɗe fastar ya zura a wani dogon bututun roba, ya toshe bakin, ya gargaɗe ni kada in bari a ɗaure shi a saman mota. Bai bar ni na tafi ba sai da na sha koko da ƙosai, ya kuma ɗauke ni a babur ɗinsa har tasha.

Hanyar Giwa

Na zauna a gaba na rungume bututun tsakanin ƙafafuna. Kafin Giwa muka iske shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙo, idonsa ya sauka a kan abin da na riƙe, ya ce in fito. Gabana ya faɗi, ba don tsoronsa ba, sai don yayyafin da aka fara.

"Baba, mene ne wannan?"

"Karatun 'yata ne, ranka ya daɗe. In za a buɗe, don Allah a shiga rumfa."

Muka shiga rumfarsu, ya zaro gefen takardar, ya ga hoton ƙuduji da jan furensa. Ya yi dariya ya ce wannan ciyawar ce ta kori mahaifinsa daga noman dawa. Da kansa ya mayar ya toshe, ya ce da direba ya taka amma a hankali. Direban, Malam Sani, da ya ji labarin sai ya daina tsayawa ɗaukar fasinja, ya kai ni har ƙofar makarantar alhali ba nan ya saba saukewa ba.

Zariya

Nafisa na tsaye a bakin ƙofa, fuskarta duk ta faɗa. Ko gaisawa ba mu gama ba ta karɓa ta ruga. Na bi ta a baya har wani babban zaure cike da alluna, yara maza da mata kowa ya sha ado yana gaban tasa fastar. Akwai mai bincike kan ruwan rijiya, akwai mai maganar cutar kaji. Na samu kujera a gefe na zauna.

Sai da aka liƙa na ga abin da na ɗauko. Ga gonata nan ta bayan rafi, ɓangaren da muka fara shuka waken soya kafin masara ya yi kore shar, ɗayan kuwa ƙuduji ya rufe shi. A ƙasa ga ni nan riƙe da fartanya. Alƙalai uku suka zo, suka daɗe suna tambayarta da Turanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na lura muryarta ta daina rawa. Wata farfesa mai farin gilashi ta dubi hoton, ta waiwayo ta dube ni, ta tako har inda nake.

"Malam, kai ne mai gonar? Mun gode da ka ba ta fili. Ba kowane uba ke yarda a yi gwaji da abincin gidansa ba."

Na ce Allah ya saka da alheri.

Bayan azahar aka kira sunaye. Wani yaro mai binciken ruwa ya zo na ɗaya, Nafisa ta biyu, aka ɗauki tafi. Aka ba ta takardar yabo, aka ce za a tura ta babbar gasar da jami'o'i ke haɗuwa. Da ta sauko ta durƙusa gabana a cikin mutane, na shiga gyara mata hular ɗalibai da ke kanta. Ta ja ni wurin mai abinci muka ci shinkafa da wake da nama, ita ce ma ta riƙa tura mini naman.

Komawa

Na iso Ƙarfi ana shirin magariba. Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Emeka, da Malam Sani, da jami'in da ban ko tambayi sunansa ba, da malaman da suka tsaya suka saurari 'yar manomi. Na zauna a tabarma na kwashe labarin nan kaf na faɗa wa mahaifiyarta, har da farfesa da tafin da aka yi. Ta saurara har na kai ƙarshe, ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce:

"Alhamdu lillahi. To yarinyar nan ta ci abinci kuwa?"