Yadda Baba Yake Kashe Inji

Baba ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran ƙananan jiragen sama, irin masu feshin maganin ƙwari a gonaki. Da aikin ya mutu sai ya kafa rumfa a Gyadi-Gyadi yana gyaran janareta da babura. Amma jirgi bai taɓa barin bakinsa ba. Mukan tsokane shi, "Baba, yau wane jirgin za a tayar?" Sai ya nuna mana janaretan mai shayi.

Karatunsa ɗaya ne: inji da iska da mai yake rayuwa. In mai ya yi yawa, ya yi baƙin hayaƙi. In iska ta yi yawa, ya yi zafi yana tari. Kuma a gidanmu ba a kashe janareta da makunni. Famfon mai ake rufewa, a tsaya har injin ya shanye abin da ke cikin kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska, ya mutu da kansa. Wai haka ake kashe jirgi. Ni abin haushi yake ba ni, don tun ina yaro na tsani tsayuwa.

Shekarar da huhunsa ya gaza, na ɗauko shi zuwa gidana a Tarauni. Daga asibiti aka sallamo mu da na'urar da ke tura masa iska ta hanci, wadda sai da wuta take aiki. Wutar kuwa sai ta ga dama take zuwa. Numfashin Baba ya koma hannun wani tsohon janareta da ke bayan tagarsa.

Yana kwance yana sauraronsa. Da ya ji muryar injin ta canza sai ya ce, "Rage masa mai kaɗan." Sai in ɗauki sukudireba in fita in murɗa kusar kafireta. Daga baya magana ta gagare shi, sai dai ya ɗaga yatsa ya juya shi a iska. Ban ji tsoro ba a watannin nan, ban kuma yi kuka ba. Na zama ɗan aiken janareta kawai: in zuba mai, in wanke fulogi, in saurara.

Wata rana bayan azahar ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta riƙe hannunsa ta daɗe. Sannan ta zare robar daga hancinsa. "Yaya, Baba ya cika," ta ce.

Na yi salati kamar kowa. Ban ji komai ba. Maƙwabta suka fara shigowa, na'urar tana ta hura iska a kan matashin kai.

"Yaya, kashe injin nan," in ji ta, "mutane ba sa jin juna."

Na zagaya bayan taga. Na kai hannu kan makunni, sai na fasa, na rufe famfon mai. Injin ya ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Can ya ɗaga murya, ya yi tari, ya farfaɗo, ya sake yin tari. Ana ta kirana daga ciki. Na tsaya a kansa har ya gama.