Ranar da Bakin Maigidana Ya Tona Shi

Shekara biyar maigidana ya yi a fatauci. Ya bi ayarin fata daga Kano har bakin teku a ƙasar Magariba, ya dawo Ajingi da rawani biyu, da ramar da ta tsorata ni, da kuma yaren Sifaniyawan da ya yi wa dillanci. Tun ranar da ya sauka zullumina ɗaya ne, kada ya sake tafiya.

Duk ƙasar Gaya ba mai jin yaren nan, don haka ni ya kama. Da la'asar muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida sai ya jero mini, kamar malami na biya wa ɗalibi: "Compraré, zan saya. Comprarás, za ki saya. Comprará, zai saya. Compraremos, za mu saya." Ya ce kalmar tana nan yadda take, wutsiyar kawai ake sauya mata. Ni kuwa in yi ta kwaɓawa, shi yana dariya har da riƙe ciki.

Inna, mahaifiyarsa, abin bai yi mata daɗi ba. Ta ce, "Wato mutanen nan haka suke cewa za su yi abu, ba in sha Allahu? Su suka halicci goben?" Daga nan kullum sai ta jawo tabarma da mazarinta, duk wadda ya faɗa ta liƙa mata in sha Allahu. Shi dai bai taɓa cewa in sha Allahun ba. Ya ce karatu ne kawai, ba niyya ba.

Wata ranar kasuwa ya dawo daga Gaya da sabuwar salka ta guzurin ruwa da sabuwar kalma, viajar, wato tafiya. Inna ta shiga maƙwabta barka. Ya ce, "Viajaré, zan yi tafiya." Sai na ji ya ƙara a hankali, "In sha Allahu."

Na ajiye ƙwaryar gyaɗa. Na ce, "Malam, da wane madugu ka gana a Gaya?"

Ya yi tsuru-tsuru. "Wa ya gaya miki?"

"Bakinka. Wata guda kana saye da baki, ba ka taɓa sa Allah a ciki ba sai yau."

Ya amsa cewa ayari zai tashi bayan kaka. Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce masa wancan jiran na yi shi, amma wani ba zan iya ba.

Washegari da sassafe ya saɓi salkar ya kama hanyar Gaya. Na yini ina leƙen ƙofa, tuwona ma ya kama. Dab da magariba sai ga shi da garma a kafaɗa, ba salka.

Ya ce, "Madugu ya yi fushi."

Na ce, "Ya sha ruwa ya huce."

Na karɓi garmar da hannu biyu, sannan na tashi na dama masa fura da nono mai yawa.