Ranar da Muka Bi Jar Tabarma

Na yi tsere a wurare da dama, wani in ci, wani a ci ni, kuma yawancinsu yanzu sai an tuna mini. Amma akwai guda ɗaya da ko tsufa ya kwashe mini komai ba na jin zai taɓa shi: tseren rabin maraton da aka yi a garin Damagaram, ranar da ni da babban abokin hamayyata muka ɓace a lungunan Birni, tsohuwar unguwar garin.

Ni mutumin Hamdara ne. A gona na koyi gudu, wajen korar awaki daga cikin gyaɗa, kafin wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya lura da ni ya haɗa ni da mai horar da ƴan tsere a Zinder, wato Damagaram. Lokacin da abin nan ya faru na daɗe ina gudun dogon zango, har an fara sanina. Ƙashin da ya tsaya mini a wuya shi ne wani saurayi ɗan Dakusa, dogo siriri kamar karan dawa. Duk inda aka tara mu, in ba shi ne a gabana ba to ni ne a gabansa. Ba mu taɓa faɗa ba, amma gaisuwarmu ba ta wuce "Ɗan Hamdara, ka zo?" in ce, "Na zo, ɗan Dakusa." Daga nan kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya.

Tseren kuwa ba na wasa ba ne. Kilomita ashirin da ɗaya za a yi, kuma an sanar cewa mutum uku na farko su za su wakilci jiharmu a Yamai. Ni ban taɓa taka Yamai ba. Tun da aka kai hatsi rumbu ba ni da wani aiki sai shiri, har mutanen garinmu suka daina tambayata abin da ya koro ni.

Ranar da safe, bayan an fito masallaci, muka taru a sitad, babban filin wasa. Sanyi na ɗan ratsa jiki. Mai horar da mu ya maƙala mini lamba a ƙirji, ya nuna mini wani moto, wato babur, da aka ɗaura wa jar tuta a baya, ya ce, "Ka ga wancan? Shi ne hanya. Kada ka kalli kowa, jan nan za ka bi." Na ce to. Da na san yadda zan riƙe maganar nan da gaskiya, da na nemi ƙarin bayani.

Aka busa usur muka zuba kan gudron, titin kwalta. Farkon tsere kullum hayaniya ce, kowa ji yake shi ne gwani, amma kafin mu wuce kasuwa taron ya fara tsinkewa. Ƴan kasuwa sun fito bakin rumfuna suna kallo. Na ji wani Bakano mai sayar da yadi yana cewa, "Kai, waɗannan ko kura ce ta biyo su ai sai haka!" Da muka kai rabin hanya mu biyu ne a gaba, ni da ɗan Dakusa, kafaɗa da kafaɗa, sai wani soja da ke binmu a baya da ɗan rata. Ƙafafuna ba nauyi, numfashina daidai. A raina har na fara tunanin rigar da zan sa in shiga Yamai.

A bakin Birni abin ya lalace. Wani kamyon, babbar motar kaya, shaƙe da buhunan albasa yana ƙoƙarin juyawa, ya tare rabin titi. Moton da ke ja mana gaba ya kutsa ta gefe ya ɓace mana. Muka zagaye kamyon, gumi na zuba a idona, na ɗaga kai sai na hango moto da jan abu a baya yana karya kwana hagu. Ban yi wata-wata ba na bi shi. Ɗan Dakusa, ganin na karya, shi ma ya karya don kada in tsere masa.

Lungu ya fara matsewa, gudron ya ƙare, rairayi ya fara cin ƙafa. Muka wuce dukawa suna zaune a ƙofar zaure suna ɗinkin fata, suka bi mu da ido baki buɗe. Ban ga jandarma ko ɗaya ba, ban ga masu miƙa ruwa ba, amma na ce wa kaina ai masu shirya tseren sun san abin da suke yi. Muka ƙara kwana, muka sake wata. Sai moton ya tsaya cak a ƙofar wani gida, inda mata suka cika lungu, ga tukwane bisa murhu, ga rago an rataye. Mai moton ya sauko ya kwance abin da ke bayansa. Jar tabarma ce a naɗe. Ashe ɗan kabu-kabu ne aka aika ya kawo tabarma gidan suna.

Ya waiwayo ya gan mu muna haki, ya ce, "Lafiya kuke bina tun daga bakin titi? Ni na ɗauka hanyarmu ce ta zo ɗaya."

Wata tsohuwa da ke tuƙa tuwo ta miƙe da muciya a hannu. "Innalillahi! Ku kuma wa ya koro ku?"

Ɗan Dakusa ya ce, "Iya, tsere muke. Ina hanyar?"

Ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Tsere? Nan suna ake, jikana. Kuma in ni kuka zo nema, haka ake zuwa zance, ko wandon kirki babu?"

Mata suka kwashe da dariya, wata har da guɗa. Ni kam ban ga abin dariya ba. Na dafa gwiwoyina, na ji duk ƙarfina ya zube a rairayin nan. Na ce, "Shi ke nan, Yamai ta tafi." Wallahi niyyata in nemi gindin bango in zauna.

Sai na ji an finciko rigata ta baya. Ɗan Dakusa ne. "Tashi, malam! Tun daga Hamdara ka taso don ka ci tuwon suna? Inda muka bar hanya can za mu koma. Ka ja ni, in ja ka."

Tsohuwar ta nuna wani ɗan lungu da muciyarta ta ce mu bi nan, yanzu za mu ɓulla titi. Ya ce, "A'a Iya, ta inda muka shigo za mu fita, kada a ce mun yanke hanya." Ta ce, "To Allah ya ba da sa'a. In kun gama haukan ku dawo, akwai nama."

Da muka koma bakin Birni kamyon ya tafi, mutanen da muka bari a baya tun kasuwa su ne yanzu a gabanmu, a jere har iya ganin ido. Nan muka fara wani irin gudu da ban taɓa yi ba, kuma ban sake yin irinsa ba. Ya shiga gaba ya tare mini iska, in na ji takunsa ya fara nauyi sai in zagaye shi in karɓa. Da aka miƙo mini ruwan leda na sha rabi na miƙa masa, mutumin da jiya ko hannu ba ma ba juna. Muka riƙa tsintar su ɗaya bayan ɗaya. Wani da muka wuce ya ce cikin haki, "Ku ba ɗazu kuna gaba ba?" Ɗan Dakusa ya ce, "Barka muka je."

Wajen ƙarshe cinyata ta dama ta fara ɗaurewa. Na rage taku, shi kuma ko waiwaye bai yi ba ya daka mini tsawa, "Kada ka soma!" Na cije na bi shi. Can muka hango mai horar da mu a bakin hanya yana tsalle kamar yaro, yana ihu, "Soja ya shiga! Wani ɗan makarantar lise ya kusa! Saura wuri ɗaya!"

Wuri ɗaya, mu biyu. A ƙofar sitad ɗan Dakusa ya dube ni, haƙoransa a waje, ya ce, "To ɗan Hamdara, zumunci ya ƙare a nan. Kowa tasa ta fisshe shi."

Ban san inda na samo sauran ƙarfin ba. Ihun mutane nake ji kamar daga cikin rijiya. Ina ganin gwiwarsa a gefen idona, ta wuce ni, na wuce ta, ta sake wuce ni. Da muka iso layi na jefa ƙirjina gaba na faɗi bisa ƙasa, shi ma ya zube kusa da ni. Sai da alƙalai suka haɗa kai suka yi shawara kafin a ce ni ne na uku.

Murna ta zo mini haɗe da kunya, na rasa da wane ido zan dube shi. Shi kuwa yana kwance rigingine, ƙirji na sama da ƙasa, sai ya fashe da dariya ya ce, "Da na sani, da na bar ka wajen tsohuwar nan kana cin tuwo." Muka yi ta dariya har hawaye, mutane suna kallonmu kamar mun taɓu. Da la'asar kuwa muka sa riguna na mutunci muka koma gidan sunan, aka cika mana akushi.

Na je Yamai, shekarar da ta biyo baya kuma tare muka je, don daga ranar wuri ɗaya muke atisaye. Abin da tseren nan ya koya mini shi ne, ɓatan hanya ba ya fitar da mutum daga tsere, zama a inda ya ɓata ne ke fitar da shi. Kuma wanda kake ganin shi ne ya tare maka gaba, wata rana shi zai kama rigarka ya tashe ka, ko da ya san kana iya wuce shi a bakin layi.