Bular wanki a jikin kamshaf

Jiya na ga matata tana kaɗa bula a ruwan wanki, sai tsohon bakaniken nan na Jega ya faɗo mini a rai.

Shekarar da injin motata ya buga a Maiyama, albasar mutanen Aliero ce cike a baya. Aka jawo ni garejinsa, aka sauke injin, aka sa sababbin bushi, amma kamshaf, sandar ƙarfen da ke buɗe bawul, ta cije a cikin zobban bushin ta ƙi juyawa. Ba damar tafiya, ba damar barin kayan mutane. Rana tana dukan buhuna, warin albasa mai ruɓewa yana bi na har masallaci.

Na ce, "Baba, don Allah a sa guduma, in an buga ta ai za ta saki."

Ko kallona bai yi ba. Ya kwaɓa bula da baƙin mai, ya shafe sandar, ya zura, ya murza da hannu, ya zaro. Wuri ɗaya shuɗin ya goge, nan ne take cijewa.

"Ɗana, ƙarhe ba a yi mai tilas. Ga inda ka yi mai ciwo."

Ya yi ta kankare wurin kaɗan-kaɗan, ni kuwa kamar in fashe. Bayan la'asar ya juya ta da yatsa biyu.

Baba, kai da ba ka bari ƙarfe ya matsu ba, Allah ya yalwata maka kabari, kada ya matse ka ko'ina.