Kwamfutar da Ke Faɗa da Muryar Yaya Umaru

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Malam Umaru, Allah Ya jiƙansa. A shekarar samun 'yancin kai aka haife shi a Bagudo, kuma bai taɓa bari mun manta ba. Yakan ce ƙasa ta samu 'yanci, amma kwamfuta har yau Turanci kaɗai take ji. Da ya yi ritaya daga koyar da lissafi, sai ya ƙirƙiro harshen ba kwamfuta umarni da Hausa zalla, ya raɗa masa suna Kwalekwale.

Mun sha dariya, don masu amfani da shi ba su cika tabarma ɗaya ba. Ya je Birnin Kebbi neman tallafi, aka ce ya fara tara jama'a. Ya nemi matasa, suka ce ya nuna musu kamfanin da zai ɗauki mai Kwalekwale aiki. Ya bi ta Illo ya tsallaka Benin, aka tambaye shi ko akwai na Faransanci. Ya dawo yana cewa, "Wagga kasuwa, mai saye na jiran mai saidawa, mai saidawa na jiran mai saye!"

Amma Kwalekwale yana da hali. In ka yi kuskure, faɗa yake maka, irin faɗan Yaya a aji.

'Yarsa Hauwa'u ce ta riƙe shi, tana tsara ban ruwan shinkafa da shi a Kaoje. Bara wata ƙungiya ta yarda ta tallafa mata, da sharaɗin ta sake rubuta komai da harshen da duniya ta sani. Ta zo mini ido ya yi ja. "Baba ƙarami, in na sake shi, muryar Baba ta tahi ke nan." Na ce ta karɓa, manoma ruwa suke jira. Ni ma abin ya yi mini ciwo.

Da Yaya zai ga wayoyin yau suna amsa Hausa, da ba mu huta da "ai na gaya muku" ba. Kwalekwale dai ya kwanta, kusan ba mai rubutu da shi. Watan jiya na je Kaoje, Hauwa'u ta ce in gwada sabon tsarin da ta rubuta. Ashe ta kwaso faɗan nan kaf ta zuba ciki. Na danna inda bai dace ba, sai allo ya rubuto: "Kai, wa ya aike ka? Koma ka duba da kyau."

Na yi dariya har hawaye, na ce, "To, Yaya."