Ƙwallon Dabino Na Talatin Da Ɗaya

Shekara uku ke nan da aka fara raɗa mini cewa Lawali Tela yana coge a wasansa. Wanda ya kawo mini maganar Alhaji Sule ne mai butik ɗin atamfa, ya rage murya kamar zai ba ni labarin sata. Na ce masa, "Alhaji, mutumin da ke mayar wa mai ɗinki ƙyallen da bai kai tafin hannu ba, shi ne zai cuci jama'a a kan ƙwallon dabino?" Na yi dariya na bar zancen. Zancen nan ne kuwa ya fara faɗo mini a rai ranar Talatar makon jiya da hantsi, lokacin da Idi magini ya tsaya a bakin rumfata, siminti har gwiwar hannu, ya ce, "Baba, Malam Lawali ya riga mu gidan gaskiya." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ciwon ƙirji ne, kwana huɗu a gidan likita. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa.

Lawali mutumin Damagaram ne. Ya zo nan Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya yana saurayi, ya yi shekaru yana dafa wa baƙi masu yawon buɗe ido a duwatsu abinci, daga baya ya sayi keke ya zauna ɗinki a unguwar Gataa El Oued. A wurin baƙin nan ya ga wani wasa da ake yi da takarda da labari. Bai samu littafinsu ba, ko ya samu ma ba karatunsa ba ne, sai ya ɗinka nasa da abin da ke hannu.

Kowace Juma'a bayan la'asar akan ture keken gefe a shimfiɗa tabarma. Shi ke jan labari: birnin da rairayi ya binne, rijiya mai dodo, ayarin gishirin da ya ɓata. Kowane mai saurare yana da mutuminsa a cikin labarin, shi zai faɗi abin da mutumin zai yi. A gaban kowa akwai tsagaggun kofunan shayi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, wayo, hangen nesa, da baki. Sai ya miƙa wa kowa ƴar jaka, kowa da launin tasa, mai ƙwallon dabino talatin, ka raba su a kofunan yadda ka ga dama, amma kofi ba ya wuce goma, ba a kuma barin sa fanko. In mutuminka zai tsallake rami, a jefa ƴaƴan lido, a haɗa da abin da ke kofin zafin nama. In lissafi ya kai ka tsallake, in bai kai ba kana ciki. Ba a sa ko sisi. Limaminmu ya zo sau ɗaya ya duba ko caca ce, ya tafi yana tambayar yadda aka ƙare da dodon.

Ni da farko ban ɗauki abin da daraja ba. A gindin kakata na tashi, kuma a tatsuniyarta ba a katse mai magana, ba a ƙirga komai, mai wayo ne ke cin nasara kullum. Na faɗa masa haka. Ya ce, "Yaya, kakarka son kai ta yi. Mai ƙarfi ma uwa ce ta haife shi." Na zauna don in kama shi da kuskure, na yi shekara shida a tabarmar.

Ƴan shantiye, wato masu aikin gini, da ke zuwa, kusan dukkansu kofin ƙarfi suke cikawa, don shi suka san ana tambayar mutum a kai tun asuba. Mu ƴan kasuwa kuwa sai kofin baki. Idi ya taɓa zuba goma a ƙarfi, ɗaya a wayo. Jaruminsa ya ɓalle ƙofar birni da kafaɗa, sannan wata tsohuwa ta roƙe shi ya riƙe mata katanga kada ta faɗi, ya riƙe har aka kira magariba. Na Alhaji Sule ya lallashi dodo har dodo ya yi masa godiya, amma ya kasa hawa igiya ya fita daga rijiyar. Idi ya ce, "Alhaji, ka yi ciniki da igiyar mana." In aka roƙi Lawali ƙari, amsarsa ɗaya ce: "Allah bai cika wa kowa kofi shida ba, ni ne zan cika?"

Kuma da gaske yake. Ya taɓa lura cewa makonni uku a jere masu zafin nama ne ke cinye komai, sauran suna zaune kamar ƴan rakiya. Ya yi kwanaki yana jefa ƴaƴan lido shi kaɗai a kan teburin yanka, kayan sallar mutane na jira, har ya gano inda dokar ta karkata ya gyara ta. Ya ce wasan da kofi ɗaya ke ci, sauran biyar ado ne. Irin wannan mutum ne aka ce mini yana ƙara wa wasu ƙwallo a ɓoye. Kun ga dalilin dariyata.

A wurin jana'iza liman ya ce duk mai haƙƙi a kan mamacin ya yafe ko ya faɗa. Aka yi masa salla aka watse. Washegari a zaman makoki Idi ya ja ni gefe.

"Baba, akwai magana. Makon da hukuma ta kama ƙanena ta yi bakin iyaka da shi, ba mu san inda yake ba, na zo wasa don kada in zauna ni kaɗai. Na juye jakata, talatin da ɗaya. Na ɗaga kai, Malam yana zuba shayi, ko kallona bai yi ba. Na sa shi a juriya na yi shiru."

Na ce, to sai me?

"Ai haƙƙin sauran ne. Kada a tsare Malam a lahira saboda ni."

Ban gama juya wannan ba, sai ga Alhaji Sule da kansa. Shi ma ya samu ƙarin, makon da aka aiko masa mahaifiyarsa ta rasu a Tasawa, hanya kuma ba ta yiwu ba. Na ce, "Alhaji, kai aka ba, kuma kai ka kai ƙara?" Ya ce, "Na yi tunani, in ni mai hali an ba ni ɗaya, magina nawa ake ba su?" Kafin sadakar uku mutum bakwai sun zo mini, kowa da makonsa, kowa yana zaton shi kaɗai ne, kowa yana tsoron ya ɗora wa mamaci nauyi.

Ban ɗauki abin wasa ba, don ƙwallon dabino ba komai ba ne, amma alkawarin talatin alkawari ne, kuma an karya shi. Na tara su a shagon, mu takwas. Kowa ya faɗi nasa a gaban kowa, kowa ya ce ya yafe wa Lawali duniya da lahira. Idi ya tuna mana wata maganarsa da muka ɗauka ta ayarin labari ce: raƙumin da ke ɗingishi ana rage masa kaya, ba don an fi son sa ba, don ayari ya isa tare. Da aka zo kaina na gyara zama na ce ni dai ban taɓa karɓar ƙari ba, don haka yafiyata ta fi ta kowa tsarki. Na faɗa da ɗan alfahari, ba zan ɓoye ba.

Ranar bakwai na je gidansa gaisuwa. Mai ɗakinsa tana takaba, daga bayan labule muka gaisa. Na ba ta labarin abin da muka yi don hankalinta ya kwanta. Ta ce ai ta sani, ita ke wanke ƙwallayen tana ƙirga su cikin jakunkuna kowace Alhamis, shi kuma ya ce ƙara ɗaya a shuɗiya, ko a ja, mako guda kawai.

Ta ce, "Sai dai mai ruwan ƙasa, taka ke nan, Yaya. Ita tun rasuwar Yaya Rabi ba a taɓa rage ta ba."

Rabi matata ce, shekara huɗu da rasuwa. Na ce ba zai yiwu ba, da na gani.

"Ya ce kai ba ka ƙirgawa, watsawa kake yi da ido. Ya ce ko ka gane ma gardama za ka yi, gara a bar ka."

Ashe ranar da nake yi wa Alhaji Sule dariya, na shekara guda ina cin ƙarin. Jiya Juma'a na sake tara su, na janye alfaharina, na roƙa wa Lawali yafiyar shekara huɗu, na roƙa wa kaina. Suka yafe. Idi ya ce, "Baba, duk da ƙarin kuma ba ka taɓa fita daga rijiyar ba." Gaskiyarsa ne.

Allah Ya jiƙan Malam Lawali, Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya haskaka kabarinsa, Ya nauyaya masa mizani da ƙarin da babu mai ƙirgawa sai Shi. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya ƴaƴansa huɗu a kan gaskiya, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

Zancen cogen nan na ji shi daga baki takwas kafin in gama yarda. Wadda ta faɗa mini a ƙarshe matarsa ce, Zainabu, kuma ita ba ta rage murya ba.