Bido Huɗu a Ƙofar Gidan Baba Mato

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tasha a Zango, ina tsakiyar ciniki, waya ta yi ƙara. Aka ce Baba Mato Mai Burtu ya rasu. Na ce wane Mato? Kamar akwai biyu.

Bayan sallar asuba ya fito yana ɗaure bido, jarkokin ruwan nan, a kan moto, wato babur, sai ya dafe ƙirji ya zauna a ƙasa. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. Yanzu na dawo, ƙasar maƙabarta ma ban wanke daga ƙafata ba.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Mato maharbi ne ɗan maharbi, daga wani ƙauye na wajen Damagaram Takaya, kafin ya dawo Kara-Kara da zama. Wata shekara ya kwana uku a daji bai ga ko sawun barewa ba. Ya dawo ya rataye bindiga, ya sayar da bijiminsa, ya sayi tsohuwar kamara. Gari ya ce ya zautu. Ni ma na ce.

Abu ɗaya bai rataye ba, kan burtunsa. Kun san shi, kan tsuntsun nan na itace da maharba ke ɗaurawa a goshi su yi rarrafe, dabba ta ɗauka tsuntsu ne yake kiwo. Da shi yake ɗaukar foto. Dattijo mai furfura, ya duƙa cikin ƙaya yana gyaɗa kai kamar burtu, kamara a rataye a ƙirji. Ran da na fara gani sai da na yi dariya har hawaye. Ya ce, "Yi dariyarka, Lawali. Barewa dai ba ta taɓa yi mini ba."

Ba a taɓa biyansa albashi ba. Shi ke bin daji yana cire tarkon waya. Shi ke shiga gaba idan ma'aikatan gandun daji za su ƙirga dabbobi, don shi ya san sawu. Ya kan shiga lakwal, wato makaranta, da hotuna a ambulan, ya nuna wa yara tuje da dila da zabin daji, ya ce, "Ku duba da kyau, na ƙasarku ne."

Ni kuwa kun san ni, dillali ne. Gida, moto, rago, ɗan rakiya, duk abin da baƙo ke so a Damagaram ina da hanyarsa. Kuma akwai abin da zan faɗa yau wanda ban taɓa faɗa ba.

Shekarun baya ya ba ni hoton barewa biyar kyauta, na manna a rumfata. A bayansu akwai wani dutse mai tsagewa biyu. Na gane dutsen. Da wasu manya suka zo da katkat, manyan motocin shiga daji, suna neman wurin farauta, ni na kwatanta wa direbansu hanya.

Biyar ɗin nan ko ɗaya ba ta rage ba.

Na jira ya zo ya zage ni. Na ma shirya amsa, amsa ba ta taɓa yi mini wuya ba. Ya zo, ya zauna, ya sha shayina har kofi na uku. Da zai tashi ya ɗaga kai ya dubi hoton, ya ce, "Bar shi a nan, kada ka cire. Yanzu kai kaɗai ke da su."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Tun daga ranar, duba duk hoton da ya sa a shafinsa, ba za ka ga dutse ko itacen da za ka gane ba. Dabba ce kawai da ciyawa. Amma bai daina gaishe ni ba. Da matata ta kwanta asibiti, kullum sai ya leƙo da fura a kwano.

Ganinmu na ƙarshe ran Alhamis ne. Ya tsaya gaban rumfa da moto, bido huɗu a ɗaure, ya ce, "Sarkin dillalai, ɗauko motonka ka biyo ni." Muka yi ta tafiya har gari ya ɓace. Muka ɓoye motocin cikin sabara. Ya rataya bido biyu a sanda kamar ɗan ga-ruwa, ya ɗora mini biyu. Muka taka, yana jan reshe a baya yana share sawunmu.

A cikin wani kwari ya gina ƙaramin kwami na siminti da hannunsa. Idan bazara ta yi, tafkuna suka ƙafe, can yake zuba ruwa duk bayan kwana huɗu. Daga gida yake cikowa, a garin da mu kanmu sai mun yi layi a famfo, don kada ya ɗiba a rijiyar ƙauye a fara tambayarsa ina za shi.

Ya ɗaura mini burtun a goshi, ya ce in duƙa in rufe bakina, in na iya. Zabi suka fara zuwa. Can sai ga barewa, uwa da ɗanta, ƙafafu kamar tsinke. Ta dube ni, ta sa baki a ruwa. Har motsin maƙogwaronta ina gani.

A hanyar komawa na ce, "Baba, duk Damagaram ka rasa wanda za ka nuna wa sai ni? Ka manta abin da na yi?"

Ya ce, "Ban manta ba. Amma duk mai neman wurin nan rumfarka zai zo. Da ka gano shi da wayonka, gara in nuna maka da hannuna." Ya ƙara da cewa, "Kuma ƙirjin nan nawa ya fara yi mini gardama."

Na ce ya je likita. Ya ce sai damina ta faɗi.

Yau Litinin, kwana huɗu ke nan. Da muka dawo daga maƙabarta na ga bidon nan huɗu a ƙofar gida, cike, igiya na kansu. Matarsa, Inna Hadiza, ta aiko a kira ni zaure. Ta miƙo mini kan burtun a ƙunshe cikin zane, ta ce, "Ya ce in wani abu ya faru, kai za a ba. Ni ban yarda da kai ba, Lawali, amma shi ya ce."

Na ce, "Inna, kin fi shi gaskiya."

Ga dalilin da ya sa nake wannan rubutu. Direban nan na shekarun baya yana nan, kuma tun watan jiya yake kirana, wai manyansa za su dawo, suna neman sabon wurin farauta. Kuɗin da ya ambata ba kaɗan ba ne. Na san halina, na san yadda kunnena ke yi idan ya ji irin wannan magana. Shi ya sa na kawo ta gabanku, ku zama shaida. In kuka ji an taɓa dabbobin kwarin nan, kada ku nemi kowa, ku zo rumfata.

Kai kuma mai kirana, na san kana karantawa. Daina ɓata kuɗin wayarka. In ka sa a bi ni, shekara talatin ina zagayawa da masu ciniki a cikin Zango, esans ɗin tankinku zai ƙare kafin nawa.

Bayan la'asar zan ɗaura bidon. Ban san ko bayana zai ɗauki sawu biyu ba, amma ruwan da ya cika da hannunsa ba zai kwana a ƙofar gida ba.

Ya Allah, bawanka Mato ya shayar da waɗanda ba su da bakin godiya. Ka shayar da shi daga Alkausara, Ka yafe masa abin da ya harba a baya, Ka sanyaya kabarinsa, Ka ba Inna Hadiza da ƴaƴansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In akwai saura, ku roƙa mini Allah Ya riƙe mini bakina.